Dattijon da ke gyaran rediyo mai kaset a gefen babbar kasuwa: aikinsa, kuɗinsa da jinkirinsa

Masu gyaran rediyo ba su ƙare a Maradi ba, sai dai yawancinsu sun koma kan waya da fitilar sola da ƴan sifikun nan masu memori. Ka kai wa yaro rediyo mai kaset, zai kwance bayansa, ya hure ƙura, ya dube ka ya ce, "Baba, a sa mishi memori kawai a huta." Wanda ya ɗan fi shi ƙoƙari kuma ya yanko robar tayar keke ya ɗaura a madadin bel, ka biya, ka kai gida, murya na rawa, bayan kwana biyu ya sake tsayawa. Shi ya sa na ga ya dace in yi bayanin wani dattijo mai rumfa a gefen babbar kasuwa, wanda har yanzu kaset ne sana'arsa. Ba shi da allo a ƙofa. Alamarsa ita ce tarin matattun rediyoyi da suka kai har rufin kwano, Sharp da Sanyo da JVC da Aiwa, kowanne an cire masa wani abu an sa wa wani.

Ni tela ne a unguwar Zariya. Abin da na kai masa National Panasonic ne mai sifika biyu, na shekarun 1980, wanda maigidana da ya koya mini ɗinki ya bar mini tare da kwali guda na kaset, yawanci tafsirin azumi da waƙoƙin noma. Ɓangaren rediyo lafiya lau yake, yana kama tashoshi. Kaset ne idan ka danna sai ka ji inji na gunji a ciki amma babu abin da ke juyawa, maɓallin ƙara murya kuma ƙarar-ƙarar yake yi da an taɓa shi.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai karɓi kaset ɗina don gwaji ba. Na miƙa masa ɗaya daga cikin na tafsirin, ya ture hannuna ya ce, "Malam, mai da abinka aljihu. Rediyon da ba a san ciwonshi ba, ba a ba shi kaset mai daraja, cinyewa zai yi." Ya ɗauko wani nasa na banza ya gwada da shi. Sannan ya buɗe a gabana ya nuna mini bel ɗin. Ba tsinkewa ya yi ba, narkewa ya yi, ya zama baƙin danƙo ya manne a jikin ƙafafun da yake juyawa. Ya ce haka robar wancan zamani take yi idan ta tsufa, zafin bazararmu kuma yana ƙara mata sauri, musamman rediyon da aka ajiye a ɗakin kwano shekara da shekaru ba a kunna ba. Goge danƙon nan shi ne rabin aikin. Da auduga da alkol na farmasi ya bi kowane lungu, don idan ɗigo ɗaya ya rage sabon bel zai riƙa maƙalewa a wurin, muryar ta riƙa tangaɗi.

Wajen zaɓen bel ne na tabbatar na zo hannun gwani. Yana da leda cike da su, ƴan China, waɗanda direbobi ke kawo masa daga Kano ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Ya ce lokacin da aka rufe iyaka a 2023 sai da ya koma cire na jikin matattun rediyoyi. Bai ɗauki ɗaya ya gwada sa'a ba. Zare ya ɗauka ya zagaya hanyar da bel ɗin ke bi, ya auna tsawon, ya rage kaɗan don ya kama, sannan ya shiga tona ledar yana ɗaga kowanne sama yana duba kaurinsa. Da yawa ya jefar gefe, wai wani ɓangaren ya fi wani kauri. Yadda nake auna wuyan riga haka ya auna shi: ya yi sako-sako ba kyau, ya matse ba kyau. Mai sako-sako zamewa yake yi, mai matsewa kuma yana jan injin har ya cinye mazauninsa, ranar da injin ya mutu kuwa ba kowane lokaci ake samun irinsa ba.

Daga nan sai maganar gudu, wadda ita ce dalilin da ya sa nake cewa a je wurinsa. Tun da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963 aka tsayar da gudun zarensa a santimita 4.76 cikin daƙiƙa guda, kuma kowane kamfani a kan haka ya tafi, shi ya sa kaset ɗin da aka ɗauka a Makka ko Abijan yake yi a rediyon da ke Maradi. Idan gudun ya ƙaru kaɗan sai muryar babban malami ta sirance ta koma ta saurayi, idan ya ragu ta yi nauyi tana jan ƙafa. Mutane da yawa sun saba da rediyonsu a karkace har ba su san ainihin muryar wanda suke saurare ba. Dattijon nan yana da wani kaset na musamman da babu komai a kansa sai ƙara ɗaya siririya mai tsawo, wadda aka ɗauka a kan hertz 3,000 (ma'aunin sirantar sauti), lambar da za ta fito ke nan idan gudun daidai yake. Yana sa shi, yaron shagonsa ya kara wayarsa kusa da sifika, wayar tana nuna lamba, shi kuma ya zura ɗan siririn sukudireba a ramin da ke bayan injin yana murɗawa a hankali. Nawa 3,090 ya fara nunawa. Ya yi ta juyawa har lambar ta zauna kusa da 3,000 tana ɗan motsi sama da ƙasa. Na lura kafin yaron ya faɗi lamba shi ya riga ya ce "ya yi sama" ko "ya yi ƙasa", kunnensa ya riga wayar. Kaset ɗin gwajin nan a aljihun gaban rigarsa yake ajiye shi, ko yaron ba ya bari ya taɓa.

Ƴar tayar robar da ke matse zare a jikin sandar ƙarfe ita ma ya duba ta. Ita ce idan ta bushe ta yi santsi take sa rediyo cin kaset. Tawa ba ta mutu ba, ya wanke ta kawai. Kan da ke karanta zaren ya goge shi har tsatsar da kaset ke bari ta fita, sannan ya ɗan taɓa sukurun da ke gefensa yana saurare, sai ga murya ta washe, harufa suna fita tsaf, alhali da farko a dushe take. Ya ɗiga jan farce a kan sukurun don kada ya sake motsawa. Maɓallin murya kuwa feshi ya yi masa ya yi ta murzawa har ƙarar ta ɗauke. Da ya ji ni tela ne ya yi dariya ya ce teloli su ne manyan masu kashe rediyo, komai ya yi ƙara sai su tsiyaya masa man keke. Man keken ɗinki ba laifi ba ne, in ji shi, amma ɗigo ɗaya tak a gindin sandar ƙarfen, idan ya taɓa bel ko tayar roba an gama. Ya kuma ce in riƙa rufe rediyon da ƙyalle saboda burbushin yadi da ƙurar hunturu.

To, ga inda zan rage masa maki. Mutumin nan ba ya sauri, kuma ba ya cika alkawarin rana. Duk abin da na faɗa a sama bai yi shi a zama ɗaya ba. Ya ce in dawo jibi, na dawo na tarar da rediyona a buɗe, sukurorinsa cikin gwangwanin tumatir, shi kuma yana kan na wani. "Gobe in Allah ya so" ɗinsa tana da tsawo. Ni da nake tela ban da bakin zagin mai saɓa alkawari, amma dai ku sani. Ba ya ba da takarda, ba ya rubuta suna a jikin kaya, a ka yake riƙe komai, kuma rumfar ba ta da wurin zama sai benci guda da rana ke dukansa daga azahar. Idan rediyonka na da daraja a wurinka, ɗauki hotonsa da waya kafin ka bar shi, ka kuma ƙirga maɓallansa, don a irin wannan tari abu ƙarami ba ya wuyar shigewa.

Na biyu, bai gyara mini ɓangaren ɗauka ba. Akwai wani dogon makunni a cikin allon rediyon da ke sauyawa tsakanin saurare da ɗauka, nawa ya ci tsatsa, wani ɗan haƙorin roba da ke tura shi kuma ya tsage. Ya nema a cikin matattunsa bai samu irinsa ba. Ya gaya mini gaskiya, bai liƙa da gam ya ce ya gyaru ba, kuma bai sa shi a lissafi ba. Na ji haushi kaɗan don na so in ɗauki karatun yarana a kaset, amma na fi son haka da a yi mini rufa-rufa. Haka na ji yana gaya wa wani da ya kawo ƙaramin Walkman na Sony, irin wanda aka fara fitarwa a 1979, cewa kan ya riga ya cinye har ya yi kwari, babu gogewar da za ta dawo da shi sai an samu wani. Akwai kuma wanda ya kawo rediyon da ɗan'uwansa ya aiko masa daga Amurka, na wuta 120, ya soka shi kai tsaye a wutarmu ta 220, taransifoma ta ƙone. Wannan ya ce zai iya, amma sai an jira.

Kuɗi: jikka 6 na biya, wato sefa 6,000, har da bel biyu da kwandansa guda biyu, ƙananan kayan wuta na jikin allon rediyon, da ya canja saboda sun kumbura. Da farko jikka 8 ya ce, muka daidaita. Na san da wannan kuɗin za ka sayi sabuwar ƴar sifika mai memori, kuma wanda waƙa kawai yake so ya je ya saya, ya fi masa sauƙi. Amma abin da ke cikin kwalina ba ya cikin memorin kowa. A cikinsu akwai saƙon murya da ƙanin maigidana ya aiko daga ci-rani, irin wasiƙar da ake yi a da, a ɗauki gaisuwa a kaset a ba direba ya kawo, gida duka a taru a saurara.

Yana gyaran kaset ɗin kansa ma, kuma wannan kusan kyauta yake yi wa wanda ya kawo rediyo. Zaren da ya tsinke yana haɗa shi ta baya da siririn salatif. Ɗan soson da ke ƙarƙashin zare, wanda ke danna shi a jikin kan da ke karanta shi, idan ya faɗi yana ciro na wani ya manna. Kaset da aka liƙe ba sukuru yana fasa shi ya mai da zaren cikin gidan TDK ko Maxell mai sukuru biyar. Ya ware mini guda uku masu lamba C120 ya ce kada in sa su sai ranar da zan kwafe su a waya, don zarensu ya fi na C60 da C90 siranta, shi ne ya fi saurin naɗewa. Sauran kuma ya ce duk wanda ya daɗe a ajiye in fara tura shi gaba har ƙarshe in dawo da shi baya kafin in saurara, kuma in cire batir idan da wuta nake aiki, don ruwan batir ya kashe rediyoyi da yawa a tarin nan nasa.

Wanda zai je ya je da hantsi kafin rana ta hau bencin, ban da Juma'a don da wuri yake rufewa. Ka tafi da wayar wutar rediyonka, shi ba ya ba da aro, kuma kada ka biya duka sai ka ji muryar da ka sani da kunnenka.