Ofishin shawarar ritaya a Sabon Gari: abin da ya iya da inda ya gaza

A unguwar Sabon Gari ta Maradi akwai wani ƙaramin ofishi da wani dattijo, tsohon ma'aikacin sashen albashi, ya buɗe domin taimaka wa masu shirin ajiye aiki, kuma na kai masa takarduna saboda shekarar da zan cika 60 tana ƙaratowa. Tambayarsa ta farko ita ce inda na yi aiki, domin ma'aikatan gwamnati fanshonsu yana hannun CARENI, wato asusun fanshon ma'aikatan gwamnatin Nijar, mu kuwa na kamfanoni muna ƙarƙashin CNSS, wato asusun jin daɗin ma'aikata na ƙasa, kuma kowace hukuma da takardun da take nema.

Ƙwarewarsa ta fi bayyana wajen bin diddigin kuɗin da ake yanka a albashi. Ya baje takardun albashina a kan tebur, yana bin su wata bayan wata da jan biro, har ya gano cewa wani kamfani da na yi wa aiki a baya ya riƙa cire kason fansho ba tare da watannin sun bayyana a lissafina ba. Ya kuma lura cewa rubutun sunan mahaifina a takardar haihuwa ya bambanta da na katin aikina da harafi ɗaya. "Malam, gyara wannan tun kana karɓar albashi," in ji shi, "don ranar da albashi ya tsaya, kowane wata na jira bashi ne a kanka." Wannan gargaɗin kaɗai ya fi ƙarfin jika biyar ɗin da na biya.

Sai dai da na tambaye shi yadda zan juya ɗan abin da na tara, bai wuce shawarar kiwon jar akuya da ajiyar gero ba, kuma bai yi mini lissafin abincin dabba ko asarar da ake yi ba. Abin da ya fi damuna shi ne ba shi da amsa ga 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, alhali su ne suka fi yawa a garin nan. Ƙanena tela ne, ya raka ni da fatan samun mafita, amma adashi kawai aka nuna masa.

Ina ba duk mai albashi shawarar ya je tun da sauran shekaru, ya riƙe takardar haihuwa, lambar rajistarsa ta hukumar fansho da takardar shaidar aiki ta kowane wurin da ya taɓa yi wa aiki.