Hoton bangon shagona da ake taɓawa a waya

Ni baduku ne a unguwar Birni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram. Yawancin masu sayen kayana yanzu ba sa tako ƙafa shago, suna Yamai, Agadas ko Kano, kullum a WhatsApp sai "turo mini hoton waccan jakar". Da na gaji, na je wurin wani matashi mai ɗan shagon kwamfuta kusa da kasuwar Dole, muka daidaita a kan jika 45 ya buɗe mini shafi a intanet.

Dabararsa ce ta fara saye ni. Ya ce, "Baba, a bar jera sunaye. Mu ɗauki hoton bangon nan yadda ka rataye kaya a kai, wanda ya taɓa jaka ya faɗa shafin jakunkuna." Na zauna kusa da shi ina kallo yana zana iyakokin da ido ba ya gani a kan hoton. Siffa uku ce: mai kusurwa huɗu, da'ira, da mai kusurwa da yawa. Matashin fata mai zagaye ya ba shi da'ira. Kuben takobi kuwa, da yake a karkace yake rataye, ɗigo-ɗigo ya bi gefensa har ya rufe. Wallahi na ji daɗin ganin bangona kamar mutum yana tsaye gabansa.

A kwamfutarsa komai daidai. Da na isa gida na gwada a salulata, in taɓa takalmi sai kube ya buɗe. Raina ya ɓaci ƙwarai, don har na riga na tura wa wani mai saye a Yamai. Washegari bai yi mini musu ba. Ya ce lambobin iyakokin ana ƙirga su ne daga kusurwar sama ta hagun hoto, waya kuma tana rage hoton amma lambobin suna nan inda suke. Ya sake aikin da abin da ya kira SVG, wanda iyakokinsa ke raguwa tare da hoton. Kwana 4 ya ɗauka, ko dala bai ƙara mini ba. Ya kuma rage nauyin hoton saboda ranakun da rezo ke rauni.

Ƙananan kaya kamar layu da walat yatsa ya fi ƙarfinsu, sai ya rubuta sunayensu a ƙarƙashin hoton.

Abin da har yanzu ke damuna shi ne bai gaya mini tun farko ba cewa duk ranar da na sauya jeren kaya sai an ɗauki sabon hoto an sake zane, jika 5 kowane zuwa. Jar jakar nan ta tsakiya na sayar da ita tun kafin Babbar Salla, amma jiya ma wata hajiya ta kira daga Kano tana tambayar kuɗinta. Ranar Alhamis zan koma wurinsa ya koya wa ɗana zanen, mun yi magana ya yarda.