Manhajar da nake karɓar kuɗi da ita: tauraro 2 cikin 5

Shekara 3 ke nan ina amfani da ita a shagona na atamfa a Kantin Kwari. Wajen sauri ba ta da laifi, kafin kwastoma ya mayar da waya aljihu alat ya shigo.

Inda muka saɓa shi ne da ƙanena ya zuba naira 150,000, kuɗin lefensa, a wani tsarin "kawo mutum uku ka ci riba". Shi ma kwaɗayi ne ya ja shi, na faɗa masa. Amma asusun da ya tura na wannan manhajar ne, kuma duk mako sunan mai karɓa sai ya canza. Da shafin tsarin ya rufe na kira masu manhajar. "Alhaji, ai da hannunsa ya tura," in ji yarinyar da ta ɗauki wayar, wai in kawo umarnin kotu.

To ba ku kuka karɓi BVN da NIN ɗin mai asusun ba? Tun da MMM, wani tsari irin wannan, ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016 kowa ya san salon. Ni da na tura wa dilana kuɗin kaya, kwana biyu asusuna yana kulle ana "bincike".