Shafin Deutsche Biographie: ya cancanci a dogara da shi wajen bin asalin ƙananan sarakunan Jamus?

Ɗaliban tarihi a Jami'ar Jihar Kaduna da masu zuwa bincike Arewa House sun saba da salsalar sarakunanmu, amma da zarar aiki ya biyo ta kan Turai ta ƙarni na 17, sai a rasa madogara sahihiya. Deutsche Biographie shafi ne na intanet da ke cike wannan giɓi. Kyauta ne, babu rajista, kuma galibinsa rubutu ne zalla, don haka ba ya cin data kuma yana buɗewa ko a ƙaramar waya. Hukumar tarihi ta Cibiyar Kimiyya ta Bavariya da babban laburaren jihar da ke Munich ne ke kula da shi. Kundi biyu na tarihin rayuwar fitattun Jamusawa ya haɗa: tsohon, ADB, wanda ya fito tsakanin 1875 da 1912 cikin juzu'i 56, da sabon, NDB, wanda aka fara a 1953.

Don a ga ƙarfinsa da rauninsa, a ɗauki gidan Ernst na Gotha, wanda ake wa laƙabi da der Fromme saboda riƙon addininsa. An haife shi a Altenburg a 1601, ya rasu a Gotha a 1675. Ya sami ƙasar Gotha a 1640 bayan ya raba gado da 'yan uwansa na gidan Weimar, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin. A 1642 ya kafa dokar tilasta wa yara zuwa makaranta, shekara guda bayan haka ya fara gina fadar Friedenstein. Yana da labari a kundin biyu: na ADB ya fito a 1877, na NDB a 1959.

Wurin fara tuntuɓe shi ne akwatin nema. A rubuta sunan yadda Jamusawa ke rubuta shi, wato Ernst, ba Ernest ba, kuma Sachsen-Gotha, ba Saxe-Gotha ba. Ko an yi haka, masu wannan suna za su fito da yawa. Akwai ɗansa Ernst na Hildburghausen, akwai Ernst na Biyu na Gotha-Altenburg da ya rasu a 1804, akwai wani Ernst na Ɗaya da ya rasu a 1844, mahaifin Albert mijin Sarauniya Victoria. Wanda bai riƙe shekarar haihuwa da ta rasuwa ba, zai ɗinka rigar kaka ya sa wa jika. Kullum a tabbatar da shekarun biyu kafin a kwafi komai.

Mafi amfanin abin da ke shafin shi ne sashen Genealogie da ke saman kowane labarin NDB. A layi kaɗan ake jero dangi kaf, amma da taƙaitattun haruffa. V uba ne, M uwa, Gvv kaka namiji na wajen uba, Gvm na wajen uwa. Ov baffa ne, Om kawu, B ɗan'uwa, Schw 'yar'uwa. Zobba biyu a sarƙe aure ne, S ɗa, T 'ya, E jika, Hzg. kuwa Herzog ne, wato sunan sarautar kanta. Nan ne manhajar fassara ta waya ke yin ɓarna, domin ba ta gane haruffan, ko ta bar su ko ta juya su zuwa abin da ba shi da ma'ana. Hanyar da ta fi ita ce a karanta wannan sashe da Jamusancinsa, a zana bishiyar dangin a takarda, sannan a bar wa manhaja dogon labarin da ke ƙasa.

Idan aka zana ta, ga abin da za a gani. Mahaifin Ernst na Gotha shi ne Johann na Weimar, mahaifiyarsa Dorothea Maria ta Anhalt, ƙanensa Bernhard shahararren kwamandan yaƙi. A 1636 ya auri Elisabeth Sophie ta Altenburg, kuma galibin ƙasar gidan nan ta dawo hannunsa a 1672. Sun haifi 'ya'ya 18, maza bakwai suka rayu har bayan rasuwarsa. Da zaman haɗin gwiwa ya gagara, suka yanka ƙasar gida bakwai a 1680 zuwa 1681: Friedrich ya riƙe Gotha da Altenburg, Albrecht ya tafi Coburg, Bernhard Meiningen, Heinrich Römhild, Christian Eisenberg, Ernst Hildburghausen, auta Johann Ernst kuma Saalfeld. Mai karatu a nan zai tuna Zazzau, inda Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa ke neman gadon sarauta ɗaya ƙasa na nan a dunƙule. Su can ƙasar suka riƙa tsagawa. Gida uku suka mutu babu magaji namiji: Coburg a 1699, Eisenberg a 1707, Römhild a 1710, rigimar gadonsu kuwa ba ta ƙare ba sai 1735. Daga zuriyar autan nan ne Albert ya fito.

Rauni na gaske yana bayyana ne a kan irin waɗannan 'ya'ya. Yawan ƙanƙantar sarki, yawan yiwuwar a same shi a ADB kaɗai, ko ma suna da shekaru kawai tare da mahaɗa zuwa wasu shafuka. ADB ba shi da tsararren sashen dangi, sai an tsinto aure da 'ya'ya a cikin dogayen jimloli masu tsohuwar ƙa'idar rubutu, kuma marubutansa na ƙarni na 19 suna da son yabon sarakuna. Mata sun fi shan wahala: sau da yawa suna da ranar aure ne kaɗai rabonsu, abin da ke da ciwo ga wanda ya san cewa ta hannunsu ƙasashe ke sauya gida. A kula da kwanan wata ma. Yankunan Furotesta na Jamus sun zauna kan tsohuwar kalanda har 1700, saboda haka bambancin kwana goma tsakanin wannan shafi da wani ba lallai kuskure ba ne.

Ga mai neman abin da ya shafi Afirka, a nemi masana harshen Habasha Hiob Ludolf da Johann Michael Wansleben a shafin. Ludolf ne ya kawo malamin Habasha Abba Gorgoryos fadar Gotha a 1652, Wansleben kuma Ernst ya tura shi Habasha a 1663 amma ya tsaya a Masar. Wannan kaɗai ya isa batun kundin digiri.

A ƙasan kowane labari akwai Zitierweise, wato yadda za a ambaci madogarar da juzu'i da shekara da shafi. A kwafe shi tun da wuri, a ajiye labarin a waya kafin sabis ya ɗauke. Inda NDB da ADB suka saɓa, a bi NDB.