Shagon hayar littattafai na bayan kasuwar Dole

Jama'a duk mai son labaran aljanu da na ƙarewar duniya ya leƙa ɗan shagon hayar littattafan nan na bayan kasuwar Dole a Damagaram, ƙarami ne sosai mutum uku in sun shiga ya cika, amma wallahi akwai kaya. Haya dala 20 a yini, in kai ɗan lakwal ne mai shagon yana ɗaga maka ƙafa har kwana biyu.

Yawanci na faransanci ne, irin waɗanda kullum duniya a Amurka take tashi. Abin da ya riƙe ni shi ne kantar ƙasa inda yake ajiye na Hausa da yaranmu na Damagaram suke rubutawa su yi fotokwafi su kawo masa. Akwai wani da na ɗauka, ruwa ya ɗauke a garin gaba ɗaya, famfo shiru rijiya shiru, sai duwatsun unguwar Birni suka fara numfashi da dare kuma babu wanda ya yi mamaki, tsoffi ma cewa suke a rage surutu kar a tashe su. Yara huɗu ne suka fita neman ruwa, Buzu ɗan unguwar Zangou da Bafillatana mai tallan nono da Babarbariya da wani yaro ɗan unguwar Kara-Kara mai kabu-kabu, kowa da harshensa da irin tsoronsa, suna faɗa suna shiryawa a fada ɗaya kan shayi. Har da wani tsohon sojan Nasara da ke gadi tun kafin 1926, ba wanda ya gaya masa an ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram an mai da shi Yamai. Duk wanda ya taɓa bin layin jarka a watan zafi a garin nan zai ji labarin a jikinsa. Kuma marubucin bai taɓa maganar alƙiyama ba, ya bar wa Allah saninsa, garin kawai ya nuna yana mutuwa a hankali, wannan ya burge ni ƙwarai.

Matsalar ita ce bugun, tawada ta yi fari wasu shafuka sai ka kai fitila kusa, kuma littafi na biyu kwafi ɗaya ne tak ana ta layi a kansa. Malam mai shago don Allah a ƙaro, ko an ƙara kuɗin haya za mu biya.