Gargaɗi ga masu neman gangar lantarki da jitar bas a Zariya

Jama'a, musamman matasan da ke kiɗa a majami'u da masu ƙananan situdiyo da masu ba da hayar kayan sauti a wurin biki, ku yi hattara da wani da ke tallata kayan kiɗa na hannu a Facebook da zaurukan WhatsApp. Ya cuci wani yaro da nake koya wa aikin sauti a Sabon Gari, kuma da na bincika sai na tarar ya yi wa wasu ɗalibai a Samaru irin wannan ta'asa. Yana sauya suna da lambar waya, shi ya sa faɗin sunan da ya yi amfani da shi ba zai amfana muku komai ba. Hanyarsa ce ba ta sauyawa, ita zan bayyana.

Zai ɗora hoton gangar lantarki tsaf a cikin ɗaki mai kafet, yawanci Alesis Nitro Mesh ko Roland TD-07, wani lokaci ya haɗa da jitar bas da amfilifayarta, wato akwatin da ke ƙara mata sauti, ya sa kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba. Dalilinsa kullum ɗaya ne: tafiya ta kama shi, ko kuɗin asibiti yake nema. Kana tuntuɓarsa zai ce kayan suna Legas, wajen Alaba, amma yana da direban da ke zuwa Arewa gobe. "Oga, turo rabi kafin alƙalami, mutum uku na kan layi, kai na tausaya wa." Idan ka tura, washegari wani zai kira ka da murya irin ta 'yan tasha, ya ce shi ne direban, sun kusa Kwangila, amma an tsare kayan a hanya sai an biya wani abu. Yaron nan sau biyu ya tura, kuɗin da ya daɗe yana tarawa daga aikin biki. Daga nan duka lambobin suka mutu. Hotunan ma ba nasa ba ne, daga shafukan sayar da kaya na Amurka ya kwaso su. Da an duba bangon ɗakin da kyau, soket ɗin da ke jiki irin na can ne mai siraran baki biyu, ba irin namu ba.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ke da waɗannan kaya da gaske ba zai ƙi kiran bidiyo ba. Ka ce ya kunna gangar kana gani, ya rubuta sunanka a takarda ya ajiye a kanta, ya juya bayan ƙaramin injin da sautukan gangar ke ciki ka karanta lambar da kamfani ya buga. Mai gaskiya minti biyar ya ishe shi. Shi kuwa wannan nan take zai ce kyamararsa ta lalace ko babu sabis.

Akwai kuma damfara ta ido da ido, wadda ta fi ba ni haushi domin kayan suna gabanka. Gangar lantarki ba ta da sauti na kanta. A ƙarƙashin kowane faifan duka akwai ɗan abin da ke jin bugu, ya aika saƙo ta waya zuwa ƙaramin injin da sautukan ke ciki, kuma injin nan shi ne tsadar kayan. Wasu sukan cire na asali su maƙala na banza, ko su sayar maka da faifan da ya mutu. Don haka ka je da abin saurare na kunne da sandunanka. Ka bugi kowane faifai a hankali, sannan da ƙarfi. Dole sautin ya bi nauyin hannunka. Ka bugi gefen ƙaramar gangar, ka taka feda biyun, ka kama bakin farantin da ke ba da ƙarar ƙarfe bayan duka ka ji ko ya yi shiru. Ka lissafa wayoyi. A Nitro da TD-07 dukkansu suna haɗuwa ne a baki ɗaya mai allura 25, idan babu wannan damin waya ko allura ta karye, samunsa a nan wahala ce. Faifan raga ya fi na roba daɗin hannu da rashin damun maƙwabta, amma ka duba ko ragar ta yage.

Jitar bas kuma, sunan da ke kanta ba hujja ba ne, ana liƙa tambarin Fender, shahararren kamfanin jita, a kan katakon da bai san Fender ba. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi Squier, wadda ita ma ta kamfanin Fender ce, ko Yamaha TRBX174, ko Ibanez GSR200. Ta gaske mai araha ta fi jabu mai babban suna. Ka ɗaga ta ka hango wuyanta daga ƙasa kamar mai duba gorar gini, kada ya zama a murɗe. Hunturunmu yana busar da katako har ƙarafan wuyan su fito su riƙa yankar yatsa, wannan yana gyaruwa, amma murɗaɗɗen wuya asara ce. Ka murza maɓallan ka saurari ƙara. Kada kuma a sayar maka da amfilifayar jita a ce za ta ɗauki bas, ƙaramar lasifikarta ba za ta jure kaurin sautin ba. Ka karanta bayanta: wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, wadda aka rubuta wa 120 kaɗai tana shan wutarmu za ta ƙone in babu taransifoma.

Idan kayan na nesa ne, ka tura ɗan'uwa ko abokin da ya san kiɗa ya gwada da hannunsa kafin ko kwabo ya fita daga asusunka. Wanda kuma ya riga ya tura, ya kira bankinsa a wannan sa'ar ya nemi a bi sawun kuɗin, ya adana hoton hirarsu da shaidar turawa da lambar asusun, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Kaduna. Ku tura wannan saƙo zuwa zaurukan mawaƙan Wusasa da Tudun Wada da Kongo, domin har yanzu yana ɗora hotunan.