AZ91D ko AM60B: wanne ya dace da maƙalin babur?

Malam, tunda maƙalin fitilar babur za a zuba maka, abin da zai riƙa shan jijjiga a titunan Agege kullum, ka ɗauki AM60B kawai. Shi da AZ91D duka maganiziyom ne, wani ƙarfe mara nauyi, da aka gauraya da alminiyom.

Alminiyom ɗin da ke cikinsa kashi 6 ne cikin 100, shi ya sa yake da haƙuri. Yana miƙewa kashi 6 zuwa 8 kafin ya tsinke. Ka sa shi a bais, wato abin matse ƙarfe, ka buga masa guduma, sai ka ga ya lanƙwashe ya tsaya a haka. Irinsa ake zubawa a ƙashin sitiyarin mota. AZ91D kuwa, mai kashi 9, ya fi cika lungunan mazubi, amma da ƙyar yake miƙewa kashi 3, ɓallewa yake yi farat ɗaya. A bar shi ga murfi da gidan inji.

Sai dai sunan ƙarfe ba ya ceton zubin da aka yi da ganganci. Narkakken maganiziyom ya tsaya tsakanin digiri 650 da 680, mazubi kuma wajen 200 zuwa 250. In mazubi ya yi sanyi, ƙarfen yana daskarewa kafin ɓangarorinsa su haɗe, sai ka ga wani siririn layi a jiki, daga nan yake tsagewa. In zafin ya wuce kima, sandarewa tana jinkiri, ƙwayoyin ƙarfen su yi manya, ƙarfinsa ya ragu. Gudun tura narkakken ƙarfen cikin mazubi in ya yi yawa iska yake dannewa a ciki. Ka ce a karya maka guda ɗaya a gabanka: mai kyau cikinsa a cure yake, mara kyau za ka ga ƙananan ramuka kamar cikin burodi. Kuma kada a kankare samansa da yawa, wannan fatar ta waje ita ce mafi ƙarfi.

Ka yi hattara da masu narka tarkace su kira shi sabo. Ɗan baƙin ƙarfe ko tagulla in ya shiga, iskar gishirin Legas sai ta cinye maƙalin. Wasu ma alminiyom za su ba ka. Kankare gefe ka ɗiga finiga: maganiziyom yana kumfa, alminiyom shiru.

Garin da ke zuba wajen goge shi yana kama wuta. Kada a kusance shi da ruwa, busasshen yashi ake zuba masa.